Ranar da Aka Nemi Kwantena a Wayata

Ko tsufa ya zo ya kwashe mini komai daga kai, akwai wata Laraba da na san ba zai iya ɗauka ba. Ranar ce aka buɗe wayata a bakin iyaka, kuma ba jami'ai kaɗai suka ji abin da ke ciki ba.

Ina da wata ƙawa tun muna sakandare. Tare muka sha bulala, tare muka samu aikin gwamnati a ma'aikata ɗaya a nan Kaduna. Ni na zauna ina jiran ƙarin girma, ita kuwa ta ajiye aikin ta shiga saro atamfa da leshi da turare. Kafin in farga ta gina gida a Unguwar Rimi, katanga har da waya a sama. Ni ina nan Kawo a gidan haya, kullum da safe ina tseren neman keke. Kuma wallahi ba ta taɓa yi mini wulaƙanci ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ta yi girman kai ai da na samu abin kamawa. A'a, sai dai ta aiko da turmin atamfa, in karɓa in yi godiya, in shiga ɗaki zuciyata tana tafasa.

Ni da yayata muka laƙaba mata suna Kwantena, don duk haɗuwa sai ta ce kwantenarta ta iso, ga shi kuma jiki ya buɗe mata, tubarkalla. A waya muke gulmarmu, mu yi dariya mu huce.

Wata rana ta ce in raka ta biki Maraɗi, 'yar wani da suke harka tare za a aurar. Muka tafi a motarta, aka sha biki. A hanyar dawowa, da hantsi, muka iso iyaka. Tun daga nesa masu kaki suka fara, "Hajiya, barka da dawowa!" Har an janye katakon ƙusoshin nan daga hanya, sai wata jami'a, da alama sabuwa ce, ta leƙo ta kalle ni.

"Ita wannan ba mu san ta ba. Madam, sauko da jakarki."

Ta kai ni wani ɗakin langa-langa mai zafin tsiya, ta zazzage jakata a kan tebur. Maganin hawan jinina, audugar mata, har ɗan kamfai, duk ta baje su wani namiji yana tsaye a ƙofa. Ta kwance mini ɗankwali ta cusa yatsu cikin kitsona. Kun san me nake kallo a lokacin? Ta taga ina hango ƙawata a mota, cikin sanyi, tana cin dabino. Ba tozarcin ne ya fi ƙona ni ba, Allah ya sani. Cewa nake a raina, ita da ta cika but ɗin mota da kaya ba a taɓa ta ba, sai ni mai jaka ɗaya?

"Buɗe wayar," in ji jami'ar.

"Haba, ranki ya daɗe, waya kuma? Me ke cikin waya?"

"In babu komai, me kike tsoro?"

A lokacin ko a mafarki ban san zan iya tambayar ta wace doka ce ta ba ta wannan damar ba. Kaki na gani, na dangwala yatsa na miƙa mata. Ta bi hotunana ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba ɗankwali. Can sai ta tsaya cak, ta karanto saƙon da na tura wa yayata da safe: "Mun taso da Kwantena. An cika ta maƙil, kuma kin san ba mai taɓa ta a boda."

"Iye! Wace kwantena? Ina take? Me aka zuba a ciki?"

Ta ƙwala wa ogansu kira. Na fara in-ina, ina cewa ba irin wannan kwantenar ba ce. Daidai nan ƙawata ta shigo, ta ga shiru ya yi yawa ta biyo sawuna. Jami'ar kuwa ta ga saƙon murya a ƙasan rubutun, ta danna, ta ƙure sauti.

Muryata ta cika ɗakin, har da dariya. "Yaya, ki ga Kwantena jiya, gwal har wuya kamar za a kai ta kasuwa! Ni ta ɗauko in riƙe mata jaka don a ce tana da kirki. Me ta sani? A aji ni nake ba ta amsa. Wallahi da ni na bar aikin nan da na fi ta."

Innalillahi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ban iya ɗaga kai ba, takalmin ƙawata kawai nake kallo.

"Ni ce kwantenar," ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi. "Ga ni, a bincike ni. Amma wannan magana ce tsakanin mace da yayarta. Kaya kike nema ko sirrin mutane? Wa ya ba ki izinin kunnawa? Ba ta wayarta."

Ogan ya shiga ba da haƙuri. Ƙawata ya ba haƙuri fa, ba ni da aka kwance wa kai ba. Ita ta tattara mini tarkacena cikin jaka, ta miƙo mini ɗankwali. Kuma bari in faɗi gaskiya tunda na fara: ko a wannan lokacin sai da na ji haushi. Ni mai takardu na tsaya kamar gunki, ita ce ta san abin da za ta faɗa. Nan ma ta fi ni.

Muka kama hanya, ba mu tsaya ba sai don sallah. Bayan la'asar direbanta ya tsaya da ni a Kawo. Na riƙe murfin mota na ce, "Ƙawata, don girman Allah ki yafe mini."

Ta dube ni, idonta jawur. "Ba ki yi ƙarya ba, ke kike ba ni amsa a aji. Shi ya sa duk inda za ni nake so ki kasance a gefena. Ni na ɗauka tare muke."

Shekaru sun shuɗe. Muna gaisawa, tana zuwa mini jaje da barka, amma ba ta sake cewa in raka ta ko'ina ba. Har gobe ina nan a kan cewa jami'ar nan ta shiga inda ba huruminta ba, kuma yanzu duk wanda ya ce in buɗe masa waya sai ya gaya mini dalili. Sai dai na koyi abin da ya fi wannan ɗaci. Ita kunnawa kawai ta yi, muryar tawa ce. Hassada ta sa na shekara ashirin ina kallon abin da ke hannun ƙawata, ban lura ba cewa mafi tsadar abin da take da shi ni ta ba wa, sai ranar da ta karɓe.