Igiyar Takalmi da Buhun Iri

Ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa mance inda na ajiye hulata, ba na jin ranar da na tafi Kamarawa ɗauko irin gero za ta fita daga kaina. Lokacin ina ɗalibin sakandare, na zo dogon hutu gida Unguwar Lalle, a ɗaya daga cikin shekarun nan na fari da suka sa mutanenmu da yawa barin gida. Ni yaro ne marar magana. In ba a gona nake ba, to ina ƙarƙashin bishiyar bedin ƙofar gidanmu da littafi, kuma ko gaisuwa ce sai na tsara ta a zuci kafin in buɗe baki.

A shekarar mun yi binne, wato mun shuka kafin ruwa, ya tsiro ya ƙone. Muka sake shuka bayan wani yayyafi, ita ma ta bi ta farko. Ɗan irin da ya rage kuwa yunwa ta sa aka daka shi. Sai ga shi wata asuba, bayan kowa ya fara cire rai, ruwa ya sauko sosai. Da gari ya waye Baba ya shiga gona ya tura hannunsa cikin ƙasa har wuyan hannu, ya ciro ta a dunƙule. Ya daɗe yana kallon ta.

"Wagga laimar ba ta wuce gobe da hantsi," in ji shi. "Ga ƙasa, babu iri."

Iri yana wajen kakana na wajen uwa a Kamarawa, gero mai saurin nuna da ya ɓoye, ya kuma yi wa Baba alkawarinsa. Jaki ba zai je ya dawo a yini ba, balle jakinmu da ƙyar yake ɗaukar kansa. Abin da ya rage shi ne mashin ɗin yayana, wanda yake fatauci da shi zuwa Maraɗi. Shi kuwa Yaya yana kwance, kututture ya fasa masa babban yatsa a hanya yana sanye da silifas, ƙafar ta kumbura har ƙwauri. Ni kaɗai na rage wanda ya taɓa riƙe kan mashin, kuma iyakata filin makarantar firamare.

Kafin in taɓa mashin ɗin sai da na jera takalman gidan a gabana, don ƙafar Yaya ta ba ni tsoro. Hanyarmu yashi ce, kuma mai mashin a yashi da ƙafafunsa yake tafiya rabi, yana dogara nan yana tokare can. Silifas dai na ga aikinsu. Sandal ɗina na makaranta yatsu a waje suke, ƙasansu kuma ya suɗe, zai zame daga kan birki. Akwai na roba sau-ciki na Baba, amma na san in ya taɓa salansar mashin mai zafi narkewa zai yi ya manne da fata. Sai na tuna da wasu takalma da Yaya ya sayo a gwanjo ya jefa ƙarƙashin gado, irin na sojoji, masu dogon wuya da igiya. Na ciro su na kakkaɓe, na juya su ƙasa ko kunama ta yi gida. Na matsa bakinsu, da tauri. Na murɗa ƙasansu, bai lanƙwasa ba. Sun yi mini yawa, sai na cusa tsumma a gaba.

"Ka ji ɗan boko," Yaya ya ce daga kan tabarma. "Ƙasa na bushewa shi yana binciken takalmi. Ni sau guda nas sa su, garin ga kakaf anka bi ni da dariya. Kuma kahin ka kwance su ka yi alwala liman ya sallame."

Na zura igiyar huda bayan huda har sama, na zagaya ragowar a ƙwauri don ta yi tsawo, na ƙulle.

A tafiya takalman nan sun biya ni. Mashin yana ta wutsil-wutsil a jiƙaƙƙen yashi. Wani wuri na kai ƙafa ƙasa ta daki kututturen sabara, na ji bugun har ƙugu, amma yatsuna lafiya. Na ratsa ƙaya ban ji ta ba. Duk da haka hankalina ba a ƙafa yake ba, yana kan rana, wadda ta fito fes kamar ba a yi ruwa ba. Saman kunyoyin gonakin da nake wucewa har ya fara yin fari.

Na isa Kamarawa na tarar da Kaka a zaure da dattawan unguwa. A wajenmu yaro ba ya tunkarar manya da takalmi a ƙafa, tun daga nesa yake tuɓewa ya ƙaraso ya durƙusa. Mai silifas ko tsayawa ba ya yi. Ni kuwa sai na tsuguna a bakin zaure ina fama da ƙulli, kowa ya zuba mini ido. Na ciro ɗaya, tsumma ya biyo shi ya faɗi.

"La ilaha illallahu," in ji Kaka. "Jama'a ku tashi mu gudu, gwamnati ta aiko soja! To sojan ga mi ya hwaru da shi, yaƙin da tsumma aka yin shi?"

Zaure ya ɗauki dariya. Wasan kaka da jika ne, na sani, kamata ya yi in rama. Amma sai gaisuwar da na tsara a hanya ma ta watse.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Na mayar da takalman don in bi Kaka bayan gida wajen rumbu, sai aka ce in fara shiga in gai da tsohuwa, wato kakata, na sake kwancewa. Na ɗaure, aka fito da damman gero aka ba matan gida su sussuka, sai ga kiran azahar, na sake kwancewa. Kowane karo da 'yan kallo. Ana idar da salla aka ɗora mini buhu, bai cika ba amma ya yi nauyi, aka ɗaure shi a bayan mashin da robar taya. Kaka da dattawa biyu suka fito yi mini rakiya, suka tsaya a cikin rana.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce mene ne a ciki. Amma ni a lokacin, in zauna a ƙasa ina zura igiya tsofaffi suna tsaye a kaina suna jira, ya fi mini nauyi fiye da buhun. Sai na zura ƙafafuna kawai, na cusa igiyoyin cikin wuyan takalmi, na ce a raina in na fita gari za ni tsaya in ɗaure.

"Soja, ka gai da uwarka," in ji Kaka. Sannan ya rage murya, ya dafa buhun. "Shi ke nan abin da ar rage, ɗan nan. Ko ƙwara babu bayan shi."

Na fita gari ban tsaya ba, saboda akwai mata a bakin rijiya. Na ce sai gaba. A gaba kuma na tarar da yashi mai zurfi, na ji tsoron in na tsaya da wannan nauyin ba zan iya tashi ba. Daga nan sai rana ta ɗauke mini hankali, ta karkata, inuwata ta fara tsawo, ina ta lissafin ko za mu sami shuka kafin duhu. Na mance da igiya sam.

A gangaren wani busasshen gulbi abin ya faru. Yaya ya daɗe da cire murfin sarƙar mashin ɗin, wai yashi yana taruwa a ciki. Ina dogara ƙafar hagu sai na ji an fizge ta baya da ƙarfi, kamar wani ya kama ni daga ƙasa. Igiyar ta zame ta fito, sarƙa ta cafke ta ta naɗe. Tayar baya ta ƙame, mashin ya juya, muka zube tare.

Da na dawo hayyacina ƙafata tana ƙarƙashin mashin, a ɗaure da shi. Ban ji zafi ba tukuna. Abin da na ji shi ne wani sauti siriri, shuuu, a bayana. Na waiga. Buhun ya daki wani tushen itace ya yage, gero yana tsiyaya cikin yashi.

Na miƙa hannu, bai kai ba. Na ja ƙafa, ta ƙi. Sannan na ji kukan tumaki. Wani garke ne yake gangarowa daga ɗaya gaɓar, ramammu, ana ƙirga haƙarƙarinsu, kuma sun ji ƙanshin hatsi. Ban taɓa sanin tunkiya tana iya ba mutum tsoro ba sai ranar. Da gudu suka taho. Na tattara ƙarfina na murɗa ƙafa, da yake takalmin a sake yake sai ta zame ta fito ta bar shi can. Na yi rarrafe na faɗa kan buhun na rufe yagar da cikina, ina duka da hannu ɗaya, ina ihun da ban san ina da shi ba. Suna tattaka bayana, suna cusa baki ƙarƙashin hammatata.

Sandar makiyayin ce ta kore su. Wani Bafillace ne dogo, shi ma a rame kamar dabbobinsa. Ya tsaya yana kallon geron da ya zube, ya haɗiyi yawu, na gani da idona. Daga ni sai shi a gulbin, kuma wuƙa tana rataye a damtsensa.

"Na ci ne?" ya tambaya.

"Iri ne, Baffa."

Sai ya zaro wuƙar, ya durƙusa wajen sarƙa ya yanke igiyar, ya ciro takalmin ya miƙo mini. Haƙoran ƙarfen sun huda fatar wuyansa daidai inda idon sawuna yake, amma ba su ratsa ba.

"Tashi ka kwashe, samari. Ni ka tsare su. Amma ka yi hamzari, ba su jin sanda yanzu."

Na cire rigata na shimfiɗa, na riƙa kwasar gero da yashinsa ina zubawa. Wanda tumaki suka ci ya tafi, wanda suka tattake ya nutse. Na ƙulle yagar buhun da guntun igiyar da aka yanke. Takalmin hagu kuma na yanki robar ɗaurin kaya na naɗe shi tam a ƙwauri. Na dama na zauna a ƙasa na zura shi huda bayan huda, makiyayin yana tsaye yana jira na, ban kuma ji kunyar komai ba. Ina tada mashin ya saki tumakin a kan abin da ya saura.

La'asar ta yi sanyi na iso. Baba yana bakin gona da sungumi, da Inna da ƙannena, har da Yaya yana dogara sanda. Na tsaya nesa na sunkuya zan kwance robar don in ƙarasa wurinsa.

"Kai, bar takalmin ga!" Baba ya daka mini tsawa. "Kawo buhu!"

Ya buɗe ƙullin rigar ya ga gero da yashi a cakuɗe, ya dubi ƙafata, ya dubi bayana da sawun kofato. Ya ce, "Ƙasa za shi dama," ya fara sara.

Muka yi shuka har ido ya daina gani, muka koma da asuba. Iri ya ƙare mana saura gefen gabas na gonar, wajen da ƙasarsa ta fi ƙarfi, don Baba ya bar shi ƙarshe saboda ya fi riƙe laima. Allah ya sa aka ƙara samun ruwa, geron ya nuna, ba mai yawa ba, amma bai bari mun bi masu tafiya kudu ba. Gefen gabas kuwa haka ya zauna fili damina guda, ciyawa kawai. Kullum na je noma sai na ratsa ta cikinsa, kuma a rani, da hatsi ya ƙare mana da wuri Inna ta koma dafa ganyen tafasa, na san ragowar hatsinmu yana can a gefen da ba mu shuka ba.

Na zaɓi takalmin da ya dace, shi ya sa har yau nake tafiya da ƙafafuna biyu. Abin da na kasa shi ne in bar mutane su jira ni in ɗaure shi. Kunya tarbiyya ce, ban kuma daina tuɓe takalmi a gaban manya ba. Amma na gane cewa dattawan nan da suka tsaya a rana, da na zauna na ɗaure igiyata, iyaka Kaka ya ƙara mini wani suna su yi dariya su koma zaure. Tun daga ranar, in amanar wasu tana bayana, nakan gama shirina tukuna, ko wa ke tsaye yana kallo.