Jan da Baba Ya Yi Ta Nema

Ina cikin motar haya, trotro, a hanyar Maamobi ƙanena ya kira ni da safe, ya ce Baba ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi kuka, amma kafin in sauka a Nima sai na ji ina murmushi, don na tuna da jan launi.

Mahaifinmu, Malam Iddi mai zane, ya taso a Bawku. Bangon ɗakin mahaifiyarsa ja ne, matan gida suka shafe shi da hannu. Ta rasu yana nan Accra, ɗakin kuma ya rushe. Burinsa ɗaya ne tun daga lokacin: ya maido da jan nan a kan allo kafin ya mutu.

Da allunan masu aski ya fara, da fentin gwangwani. Ya ce jansa ya cika ihu. Sai ya koma Abossey Okai wajen masu kayan mota, yana kankare tsatsa yana kwaɓawa da baƙin mai. Gidanmu ya daɗe yana warin gareji. Daga nan ya shiga daka goro, sannan lalle, har ya ajiye buroshi ya koma shafawa da tafin hannu. Baƙi suka riƙa zuwa suna sayen allunansa, shi kuwa sai ya karkata kai ya ce, "Ya yi kyau, amma ba shi ba ne." Wannan maganar har yaran layinmu sun haddace ta.

Da tsufa ya zo, idonsa ya fara hazo, muka ji tsoron zai tafi da burinsa. Wata rana Mma, mahaifiyarmu, mai sayar da shinkafa da wake, ta watsa ruwan karan dafin da take rina abincin da shi. Ruwan ya fantsama a kan wani allo da ya shafe da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa. Baba ya matso da fuskarsa dab da allon, ya daɗe bai motsa ba.

"Mariama," ya ce wa Mma, "ga ɗakin uwata."

Mma ta riƙe ƙugu. "Kai, Malam! Tun aurenmu nake zubar da shi a kwata, kai kana yawo Abossey Okai!"

Ya yi dariya har da hawaye. Allon ne kaɗai ya ƙi sayarwa, ya rataye shi a saitin gadonsa. Ƙanena ya ce shi yake fuskanta lokacin da rai ya yi halinsa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da mahaifiyarsa a Aljanna. Allah Ya ba Mma haƙuri da mu duka, Ya sanyaya mata zuciya duk ranar da ta ɗora tukunya. Amin.