Ranar da Mai Makullai Ya Kulle Kansa a Waje

Tun yana kula da sito a wata makarantar sakandare ake kiransa Mai Makullai. Kafin ka ga fuskarsa za ka ji makullan suna kacau-kacau a ƙugunsa. Alli, tsintsiya, har bokitin da ya huje, babu mai ganin rana sai da izininsa. Da ya yi ritaya sai halin ya biyo shi gida. Kabad da kwaɗo, firji da kwaɗo, har matarsa ta ce saura bakinta.

Babbar 'yarsa mai shagon gyaran kwamfuta ce. Ita ta kawo masa wata tsohuwar kwamfutar tebur don ya riƙa karanta jarida. Kafin a jima jikoki sun mamaye ta da wasanni. Abin ya tsaya masa a rai. Bai gaya wa 'yar ba, ya kira wani mai gyara ya sa mata irin manhajar da ake kulle kwamfutocin ofis da ita: ba wasa, ba sabon shafi, ba taɓa komai sai da kalmar sirri. Ya zaɓo kalma mai wuya, ya ƙi gaya wa kowa, wai bango ma yana da kunne.

Jikoki suka koma ƙwallo. Shi kuwa ya yi 'yar tafiya, ya dawo, kalma ta ce ɗauke ni inda ka ajiye ni. Ya gwada sunan matarsa, ya gwada har sunan wata akuya da ya taɓa kiwo, shiru. Kwana da kwanaki yana zama gaban allon kwamfutar da tabarau yana gyaɗa kai kamar mai karatu, don kada a gane. Matar ta gane, ta kira 'yar.

"Baba, wa ya sa wannan?" in ji 'yar.

"Wasu ne."

"Wasu su wa?"

"Ke, gyara aka kira ki ko shari'a?"

Ta nemi cire manhajar ta hanyar da aka saba, ita ma aka tambaye ta kalmar sirri.

"Kin gani ko? Aiki ne mai kyau," ya ce, har da ɗan alfahari.

Sai ta sake kunna kwamfutar ta yadda ba za ta tada komai ba sai abin da ya zama dole. Ta riski manhajar tana barci, ta goge fayilolinta, sannan ta bi lungu-lungu tana tsince guntayenta kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Yana tsaye a bayanta, numfashinsa a wuyanta.

"A hankali dai, kar ki goge mini jarida."

"Baba, jarida ba a nan take kwana ba."

Kwamfuta ta buɗe. Matar ta leƙo daga kicin ta ce a sa wata manhajar, amma ita za a ba kalmar. Ya ce a bar ta haka, ta sha iska.

Tun ranar yake ba da labari a bakin ƙofa cewa shi da yarinyar suka yi fama da manhajar har suka kayar da ita. Labari ya bazu, maƙwabta suka fara kawo masa kwamfutocinsu gyara. Yakan duba gaba, ya duba baya, ya ɗan ƙwanƙwasa gefe, ya ce, "Ajiye ta, tana buƙatar nazari." Mai ita na fita sai ya ɗauki waya ya tambayi 'yarsa ko tana kusa.