Kifin Yaya da Bakin Gwaggo

Shekarar da yayana ya yi ritaya ya dawo Kusada, bai zo da saniya ko injin niƙa ba kamar masu hankali. Akwatin gilashi ya zo da shi, da wasu jajayen kifaye da ya sayo a Kano, kowanne bai wuce yatsu uku ba. Ya girka abin a falo, ya ce na kallo ne. Mutanen unguwa suka yi ta tambayar yaushe za su isa ci.

Ba a jima ba bututun robar da ke juya ruwan ya fara yoyo. Yaya ya hau babur zuwa Kankiya, ya sayo gam ɗin da masu gyaran famfo ke haɗa bututu da shi. Ina tsaye ya lafta shi ciki da waje, ya mayar da ruwa da kifin nan take, ko bushewa bai bari ya yi ba. Warin har ƙofar gida. Na ce, "Yaya, abin nan ba zai cutar da su ba?" Ya ce ni da ban taɓa wuce Katsina ba me na sani game da kifi.

Da hantsi Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta shigo gaisuwa. Ta ga kifin sun taso sama suna buɗe baki, ta ce, "Kai, ji kyau! Har gaida mutane suke yi." Kafin la'asar duk sun juya ciki sama.

Yaya ba ya laifi, tun muna yara haka yake. Sai ya ce ai bakin Gwaggo ne, ta yaba ba ta ce tubarkalla ba. A falonsa ya faɗa, amma kafin kasuwa ta ci maganar ta kai har ƙauyen Kaikai. Mata suka fara janye jariransu idan ta shigo gidan suna. Tsohuwar da ta yi wa rabin unguwar wankan jego! Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa mata abin da idona ya gani.

Yaya ya sake sayo kifi, ya zuba a akwatin nan da gam ɗinsa, su ma suka bi 'yan'uwansu. Ana cikin yi masa jaje a zaure sai ga Gwaggo. Ta wuce falo, ta tsame gawarwakin da ludayi, ta soya su da man gyaɗa har da barbaɗa yaji, ta dire farantin a gabansa.

"Ɗan nan, mushen kifi halal ne, ko ba haka ba malamai? In bakina ya kashe su, baki ba shi ɓata nama. Bisimilla."

Yaya ya dubi farantin. Ya ce yana azumin nafila.

"Allah shi karɓa. Ni zamna har magariba."

Ta shimfiɗa mayafinta a bakin zaure ta zauna. Masu jaje babu wanda ya tuna yana da wani uzuri. Ladan na kiran salla ta tura masa farantin da kofin ruwa.

"Gam ne," in ji Yaya, can ƙasan maƙoshi.

"Mi ka ce? Ɗaga murya. Waccan maganar har Kaikai ta kai."