Tsagar Fanna a Kwamfutar Inuwa

Yau kwana arba'in da aka kai Inuwa mai hoto makwancinsa, Allah ya haskaka kabarinsa. Bafillatani ne siriri, mai saurin firgita, mai taushin zuciya. Tun 1984 da ya baro Malam Madori ya buɗe shago kusa da kasuwar Haɗeja, bai taɓa miƙa wa mutum hoto ya kau da kai ba. Sai ya tsaya yana leƙen fuskarka. In ka yi shiru, gumi ya keto masa. Da fensir da ɗan buroshi yake gyara, ya goge ƙurji, ya cike gira, har mata suka sa masa suna Mai-sumul.

A 1999 ya sayo tsohuwar kwamfuta daga Kano, da na'urar da ke kwafe hoto ta zuba a cikinta. Kwana uku aka koya masa, sauran ya laluba da kansa.

A daminar shekarar ne ruwa ya ci gidajen bakin kogi. Da ya janye, wani tsohon masunci, Baba Shu'ibu, ya zo da hoton matarsa Fanna, Babarbariya, wadda ta daɗe da rasuwa. Shi kaɗai ne hotonta a duniya. Ga laka, ga karcen yashi, ya kuma manne da gilashi.

"Ɗan nan, yanar ido ta fara rufe mini gani," in ji tsohon. "Ina so in ƙara ganinta tukuna."

Inuwa ya kwafe hoton ta cikin gilashin. Da ya zo ɓamɓare takardar, sai fuskar ta saɓule ta bi gilashi. Saura wanda ke cikin kwamfuta kawai. Ya goge laka, ya goge karce, hannunsa ya zarce yadda ya saba yi wa amare, ya murje kumatun tas. Ya kuma adana sabon hoton a kan kwafin farko, na farkon ya shafe ke nan, sannan ya buga shi a takarda.

Baba Shu'ibu ya kawo takardar daf da hancinsa, ya daɗe yana kallo.

"'Yar wace ce wannan?"

"Baba, ai Inna Fanna ce."

"Ina tsagarta? Da tsaga na aure ta. Wannan ƙwai ne aka ɗaura wa ɗankwali."

Ashe Inuwa ya haɗa tsagar da karcen yashi ya share.

Kwana biyu Inuwa bai ci abinci ba. Ya gwada zana tsagar da hannu a kwamfutar, ta fito kamar an ja ƙusa a bango. Can ya ji labarin Fanna tana da ƙanwa a Miga, Hajo mai bandar kifi, kuma wanzami ɗaya ya yi musu tsaga. Ya hau babur, ya je ya roƙe ta ta bari ya ɗauki hoton tsagarta.

"Bafillatani, nono ya ƙare ne ka koma farautar kumatu?" in ji Hajo.

"Inna, ki rufa wa bawanki asiri."

"To, tunda ka faɗa da bakinka. Ɗauka, kada ka tsufar da ni."

Ya juya ta, hasken hantsi ya bugo fuskarta ta gefe, yadda kowace tsaga za ta yi inuwarta, sannan ya ɗauka.

A kwamfuta ana iya shimfiɗa hoto a kan hoto kamar mayafi shara-shara. Ya ɗora kuncin Hajo a kan fuskar Fanna, ya yanke gefe-gefe, ya dinga rage masa ƙarfi. In ya ƙara, Hajo ce ke kallonsa. In ya rage da yawa, tsagar ta ɓace. Ya yi ta kai da kawowa, har idon Fanna da bakinta suka taso daga ƙasa, tsaga da ƙananan ramukan fata suka zauna a kansu. Ko daidai ne, shi bai sani ba.

Da aka buga aka ba Baba Shu'ibu, ya fita da hoton bakin ƙofa, ya bi layukan da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Inuwa ya tsaya yana leƙen fuskarsa.

"Ta ƙarshen hagun nan, tata ta fi gajarta," in ji Baba Shu'ibu. "Ta motsa a hannun wanzami."

"In gyara, Baba?"

"Kada ka ƙara taɓa ta." Ya goge ido da bakin riga. "Sannu, Fanna."

Nan Inuwa ya zauna a ƙasa, yana ta faɗin alhamdulillahi. Wata bakwai tsohon ya yi yana kallon matarsa kafin idon ya rufe.