Ƙwayoyin Da Na Ɓoye A Kwallar Jere

Lokacin da abin nan ya faru ban cika shekara ashirin da uku ba, ina aure a wani ƙauye ta wajen Kafin Dafga, iyayena kuma suna Rogo. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, sai ɗan na allo. 'Yata ɗaya, kuma tun da na haife ta na zama mace mai tsoro, ko tari ta yi sai in hana kaina barci. Tun ina yarinya nake fama da ciwon gaɓoɓi da haki, amma bayan haihuwa abin ya kai ko ruwa ba na iya ja a rijiya. Yayana da ke aiki a Kano ya yi ta faɗi-tashi har aka kai ni wani babban asibiti can kudu, aka tsaga ƙirjina, aka cire wata 'yar ƙofa ta cikin zuciya da ta lalace, aka sa mini ta ƙarfe. Likita ya nanata mini, ta bakin mai fassara, cewa jini yana son daskarewa a jikin ƙarfen nan, saboda haka akwai wata 'yar ƙwaya ta tsinka jini da zan sha kullum har ƙarshen rayuwata, kuma duk wata in je Kano a auna jinin. Na ce to. A lokacin ko me aka ce mini to zan ce, ni dai in koma wurin 'yata.

Ƙofar nan tana ƙara, ƙas, ƙas, kamar agogon hannu. Idan ɗaki ya yi tsit har na kusa da ni yana ji. Maigidana yana tsokanata wai ya huta da sayen agogo, a tambaye ni ko azahar ta yi. 'Yar tawa kuwa, da ta fara magana, ba ta barcin rana sai ta ɗora kunne a ƙirjina tana sauraron agogon Umma.

Da damina ta faɗi hanya ta lalace, na tsallake awon jini wata biyu, na ce ai ina shan magani. Sai ciwon baya da kafaɗa ya matsa mini. Surukata, wadda nake kira Inna, mace ce mai ƙaunata, ita ta riƙe mini yarinya duk zaman da na yi a asibiti. Ta ce ai duk wanda aka yanka irin wannan yanka dole mataccen jini ya kwanta masa a baya, a kira wanzami ya yi mini ƙaho. Ni kuma da ɗan hankalina sai na ga maganar ta yi daidai da ta likita. Shi ya ce gudajin jini ne abin tsoro, ni kuwa tun ina ƙarama nake ganin wanzami yana juye ƙaho a ƙasa, gudaji baƙi ƙirin yana faɗowa. Na ce ashe ma taimakon maganin za a yi.

Da hantsi wanzamin ya zo, ya kafa ƙaho huɗu. Da ya cire na farko ya juye, ba gudaji ko ɗaya, sai wani abu tsararo kamar zoɓo ya bi ƙasa. Ya yi salati, ya ce shekara talatin yana wannan sana'a bai taɓa ganin jinin mutum ya koma ruwa haka ba. Tsagar nan da kan ƙame kafin a sha fura, tawa ta yi ta tsattsafo har washegari, na jiƙa zane biyu. Matan gida da maƙwabta suka cika tsakar gida. Wata ta ce maganin nasara ya shanye mini jini, wata ta ce mace mai irin wannan jini in ta zo haihuwa sai dai a wanke gawa, wata ta kwaɓe ta ta ce ta iya bakinta mana, mai jinin tana ji. Na riga na ji. Na kalli 'yata tana wasa da ludayi, na ga marainiya.

Ban gaya wa kowa ba, na daina shan ƙwayar. Kullum bayan la'asar maigidana yakan tambaya ko na sha, in ce na sha, alhali na ɗaga kwallar can ƙasa ta jerena na jefa ƙwayar ciki. Hankalina bai kwanta ba ko na yini ɗaya. In na jefa sai in ji kamar in ɗauko, in na ɗauko sai in tuna zanen nan biyu in mayar. Na koma soka wa yatsana allura ina kallo. Ranar da na ga ɗigon jinin ya tsaya ya ƙame da wuri, har hamdala na yi, wai na warke.

Wajen sati biyar da haka na lura ƙarar ta canja. Ba ta fita ƙas kamar da, sai wani dum-dum kamar an lulluɓe agogo da tsumma. Haki ya fara dawowa. Yarinyar ma ta lura, ta ɗora kunne ta ɗago, ta sake ɗorawa, ta ce mini wai agogo ya yi barci, in tashe shi. Na yi dariyar yaƙe. Na so in gaya wa maigidana, sai na tuna in na faɗi wannan dole in faɗi na kwalla. Na ce bari a gama cirar gyaɗa tukuna.

Ba a gama ba. Ran nan da rana tsaka ina tankaɗe a gindin murhu, ruwan tuwo yana tafasa, sai rariya ta suɓuce daga hannuna na dama. Na sa hannu in ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Na ga 'yata ta taso tana tafe wajen tukunya, ta miƙa hannu za ta kama muciya. Na buɗe baki in kira sunanta, sunan da nake kira sau ɗari a yini, sai wani gurnani ya fito, yawu yana bin haɓata. Ina kallonta, taku uku ne tsakaninmu, na kasa. Allah Ya kawo Inna ta fito daga ɗaki da buta, ta yar da ita ta fizge yarinyar, ruwan zafi ya ɗan taɓa ta a ƙafa kawai. Har yau tabon yana nan, kuma ba na iya kallonsa.

A amalanke aka fitar da ni zuwa titi, daga Karaye aka wuce da ni Kano. A can likita ya saurari ƙirjina ya tambayi maigidana ko ina shan magani, ya rantse ina sha, shi yake tambayata kullum. Ni ba baki, sai hawaye, na yi ta nuna masa siffar kwalla da hannun hagu har ya gane. Da maigidana ya je gida ya dawo da ƙwayoyin a ƙulle a leda bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai, da ma na faɗa masa ina tsoro. Wannan maganar ta fi mini duka zafi. Likita ya bayyana cewa gudaji ya taru a ƙofar, wani ɗan guntu ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Zubar jinin ranar ƙaho kuma alama ce ta in zo a auna a daidaita mini magani, ba in daina ba, kuma mai shan wannan ƙwaya ba ya ƙaho, ba ya sakiya, in mace ce kuma ba ta ɗaukar ciki sai ta fara zuwa wurinsu sun tsara mata.

Da ƙarin ruwa da allurai Allah Ya sa gudajin ya narke, ƙarar ta dawo. Magana ta dawo a hankali, amma hannun dama bai dawo duka ba. Da hagu nake wannan rubutu, shi ya sa ya karkace. Ba na iya yi wa 'yata kitso, sai in zauna ina kallon wata tana yi mata. Inna ta yi kuka ta ce ita ta jawo, na ce a'a, ita ƙaho ta kira, ni na ɗaga kwalla. Yanzu ita ke kawo mini ruwa bayan la'asar, ta tsaya a kaina sai na buɗe baki ta gani.

'Yan'uwana mata, da duk wanda aka sa wa irin wannan ƙofa, tsoro ne ya kai ni, amma ɓoye tsoron ne ya kayar da ni. In kun ga jini ya ƙi tsayawa ku nufi asibiti, kada ku nufi kwalla. Kada ku tsallake awo don ruwan sama ko aikin gona, kada ku daina ƙwayar nan don kun ji sauƙi ko don maganar tsakar gida. Har yanzu ban cika samun natsuwa ba, ina cikin aiki sai in tsaya cak in kasa kunne. Sai na ji ƙas, ƙas, sannan in ci gaba da tankaɗena.