Goma Ta Fi Sha Shida: A Wanke Baba Mai Faifai

Ƙarfe bakwai na safe Baba Mai Faifai yake jingine kekensa a bakin layin shagunanmu. Kafin ya zauna sai ya bi bango yana ɗora bayan hannu a kan kowane soket, kamar uwa mai duba zazzaɓi. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana mana aikin wuta. A wuyansa akwai faifan ƙarfe mai tsage-tsage a gefe, kowace tsaga da lambarta. Duk wayar da za ta shiga bangonmu sai ya feɗe robarta ya gwada ta a tsaga tukuna.

Bara da za a sake wayar layin, shugaban 'yan shago ya kawo mana ɗan ƙanwarsa, wai injiniya, takalmi sai ƙyalli. Injiniyan ne ya ce a sa waya lamba sha shida. Baba ya ce goma.

"Baba, goma da sha shida wanne ya fi?" in ji shugaba, a gaban jama'a.

"A kasuwa sha shida, ranka ya daɗe. A waya goma."

Aka tuntsire da dariya. Baba ya jira suka gama.

"Lambar nan ta yawan jan da aka yi wa waya ce. Da ƙarin ja, da ƙarin sirancewa. Ga injin markaɗen Iya, ga dutsen gugar teloli. Sha shida ba za ta ɗauka ba, zafi za ta yi."

"Kawu, tsohon nan rage mana shida zai yi ya zuba a aljihu," in ji injiniya.

Shugaba ya buɗe baki ya ce wa Baba ɓarawo. Ɓarawo! Mutumin da ko guntun waya ya rage sai ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ya miƙo maka. Baba ya ɗauki jakarsa ya fita.

Ni ce Iyar mai injin. Ban yi boko ba, amma ina da yatsu. Na murza wayoyin biyu: ɗaya tsinken tsintsiya, ɗaya ta ninka ta. Sauran layi aka sa sha shida; ni na ce daga mitata zuwa injina Baba zai ja mini goma, wanda bai so ba ya sha ruwa.

Wata huɗu aka yi. Ranar nan da tsakar rana warin ƙonanniyar roba ya cika layi, hayaƙi na fitowa daga bangon teloli, mata na kwasar ɗinkin mutane suna salati. Wa ya fi kowa ihun "A kira Baba"? Shugaba. Injiniya kuwa waya ɗaya ya iya, ta aljihunsa, ita ma ranar a kashe take.

Baba ya zo a guje, da furfurarsa, ya kashe wuta daga tushe, ya ɓalle bango. Sha shida ta narke ta manne. Ya dafa tawa wayar: sanyi ƙalau. Kwana uku yana sake musu aiki, bai yi wa kowa gori ba.

Kai ne ka hana layin nan zama toka, Baba. Kai ne mai gwadawa kafin ka yi magana. Mun gode, Allah Ya saka maka, Ya yi wa 'ya'yanka albarka. Masu koyon aikin wuta, ku je ku ga yadda ake riƙe faifai tun bai rataye shi ba.

Don ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ido ya yi rauni. Har yau shugaba bai janye kalmarsa ba. Baba ya yafe, ni ban yafe ba. A gaban jama'a aka zage shi, a gaban jama'a za a wanke shi. Ranar sallamarsa duk mu taru a bakin layi. Zan miƙa wa shugaba narkakkiyar wayar nan, tana nan na ajiye, in tambaye shi da ƙarfi: goma da sha shida, wanne ya fi?